Domino a Tsakar Gida: Lissafin da Yaro Ke Koya Kafin Ya Riƙe Alli

Akwai wata 'yar jarrabawa da kowace uwa a cikin Birnin Zazzau za ta iya yi yau da la'asar ba tare da ta kashe ko sisi ba. Ta zuba gyaɗa a faifai, ta kira ɗanta ɗan shekara uku, wanda kullum yake dawowa daga makarantar nazare yana rera "wan, tu, tiri" har ashirin, dangi na tafi ana cewa yaro ya yi kai. Ta ce masa, "Auta, ba ni uku." Abin da ya fi faruwa shi ne yaron ya dumbuzo da hannu ya miƙo mata yana murmushi. In ta ce ya ƙirga, zai ƙirga da ƙarfinsa, yana taɓa wata ƙwaya sau biyu, yana tsallake wata. In ta sake tambaya, "To, nawa ke nan?" sai ya koma farko ya sake rerawa.

Ba daƙiƙanci ba ne. Wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Karen Wynn, ta yi irin wannan gwaji a farkon shekarun 1990, ta gano cewa yaro kan haddace jerin sunayen lambobi tun da wuri, amma ma'anarsu ɗaya bayan ɗaya take shigarsa. Zai fara gane "ɗaya", ya yi watanni a nan, sannan "biyu", sannan "uku", kafin wata rana abin ya buɗe masa: ashe kalmar ƙarshe da aka faɗa wajen ƙirga ita ce yawan abin. Tafiyar kan ci shekara guda ko fiye. Rera lamba daban, sanin yawa daban. A tsakanin biyun ne ake barin yara da dama a baya, har su kai aji uku suna gudun lissafi kamar sun ga dodo.

Cikin kayan wasan da ke taimaka wa yaro ya haye wannan gaɓa, kaɗan ne suka kai domino sauƙi da araha. 'Ya'yansa 28 ne, kowane kamar ɗan ƙaramin bulo mai faɗin yatsu biyu, an ja layi a tsakiya an raba shi gida biyu. A kowane gida akwai ɗigo, daga ɗaya zuwa shida, ko kuma a bar shi fayau babu komai. Dokar wasan guda ce: a haɗa kama da kama. In bakin layin da ke ƙasa huɗu ne, sai mai huɗu ya aza. Wanda ba shi da shi ya ɗauko daga tarin da aka kife a gefe, irin wanda masu buga wot ke kira kasuwa. Wanda hannunsa ya fara ƙarewa ya ci. Babu harafi, babu lamba a rubuce, babu abin da ke bukatar sai an iya karatu.

Domino ba wasan gado ba ne a Zazzau, baƙo ne, kuma daga nesa ya taso. Rubutun da ya fi daɗewa da ya ambace shi na ƙasar Sin ne, a wani littafi na Zhou Mi, marubucin da ya rayu daga 1232 zuwa 1298. Na Sinawa 'ya'ya 32 gare shi, kuma babu gidan da ba ɗigo. Sai a ƙarni na 18 ya ɓulla a Italiya da siffar da aka san shi da ita yanzu, ya bi ta Faransa ya isa Ingila, daga nan jiragen ruwa suka watsa shi duniya. Yau a Kuba da Jamaika ba a raba dattawa da teburinsa, haka a wuraren shan shayi na Alƙahira. Duk Bazazzagin da ya taɓa zama a Sudan ko Saudiyya ya ji ƙarar buga 'ya'yansa a kan tebur da dare, domin can ruwan dare ne.

Sai dai baƙon bai tarar da kango ba. Birnin da ganuwa ta kewaye, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ya daɗe da wasannin da ke wasa ƙwaƙwalwa ba tare da an kira su darasi ba. Dara na nan, wadda ake tona wa gurbi 30 a ƙasa, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku don a ci na abokin wasa. 'Yan mata na da carafke, inda ake cilla tsakuwa sama a kwashi na ƙasa ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, kafin ta faɗo. Akwai 'yar gala-gala da gidajenta da ake zanawa a ƙasa. A nan Zariya ɗin ne ma kamfanin ɗab'i na NNPC ya buga littafin Umaru Dembo, Wasannin Yara, a farkon shekarun 1970. Abin da ya sauya shi ne dandali. Filayen da ke tsakanin gidaje a unguwanni irin su Kwarbai da Babban Dodo gini ya cinye da yawansu, babura sun mamaye lunguna, dare kuma ya zama na talabijin da waya. Dara ta fi ƙarfin ɗan shekara huɗu, carafke na son hannun da ya ƙware. Domino kuwa tabarma ɗaya ta ishe shi, kuma ƙaramin yaro na iya shiga tun ranar farko.

Don gane abin da ɗigon ke yi wa idon yaro, yana da kyau a waiwayi zamanin wuri. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa a farkon 1851, ya ga yadda ake ƙirga kuɗi, abin ya gajiyar da shi. Ba a bin wuri ɗaya-ɗaya. Biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, kuma ya lura akwai gwanayen da hannunsu ke gudu. Mai irin wannan aiki ba ya tsayawa ya ce ɗaya, biyu, uku. Ganin biyar yake yi, kamar yadda ake ganin fuskar wanda aka sani. Mai tumatir da ke kasa kashi a kasuwar Amaru ma haka take yi har gobe.

Masana sun yi wa wannan baiwa suna a 1949, bayan wani bincike da aka yi a Amurka kan yadda mutum ke gane yawan ɗigo da kallo ɗaya. Abin da aka tabbatar shi ne ido na kama uku ko huɗu nan take ba tare da ƙirga ba. Daga nan sai dai in an jera abin cikin tsarin da ido ya saba da shi. To, tsarin ne jarin domino. Uku kullum a karkace take kamar tsani. Huɗu na kusurwa huɗu. Biyar huɗu ce da ɗaya a cibiya. Shida layi biyu ne na uku-uku. Yaron da ya ga waɗannan fuskoki sau ɗari zai daina bin su da yatsa, kuma a hanya ya tsinci wani abu mai tsada: ya ga da idonsa cewa akwai huɗu a cikin biyar, akwai uku biyu a cikin shida. Malamin aji biyu zai yi mako yana neman cusa wannan da alli.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara huɗu da kakarta, bayan an sauke tukunya. Ba a zube mata 'ya'ya 28 gaba ɗaya, sun yi mata yawa. A ware waɗanda ɗigonsu bai wuce uku ba a kowane gida, za a samu guda 10 cif. A bar su a buɗe kowa na gani, domin ɓoye hannu na manya ne. Kaka ta aza mai biyu da uku, ta ce, "Kishiya, wa ke da uku?" Yarinyar za ta ɗauko wanda ya burge ta, wataƙila mai ɗaya. Nan ne babba ke bukatar haƙuri. Maimakon "ba shi ba ne", sai a kara su kusa a ce, "Duba, sun yi kama? Taɓa mu gani." Ta taɓa, ta ƙirga, ta mayar da kanta. Wasan da kansa ke gyara ta, domin kuskuren a fili yake, ba sai an ɗaga murya ba. Minti goma ya isa. Da ta fara gina ɗaki da 'ya'yan ko jera su a tsaye don ta ture, wasan ranar ya ƙare, kuma wannan ɗin ma ba asara ba ne: tsayar da bulo siriri a jere aikin yatsu ne, yatsun da gobe za su riƙe alƙalami a makarantar allo.

Idan uku ta zauna, a ƙara masu huɗu, 'ya'ya su zama 15. In an ƙara masu biyar su zama 21, sannan a cika 28. Tsakanin mataki da mataki na iya zama makonni, ba tsere ake ba. Yaron da bai kai shekara uku ba kuwa a nisanta shi da ƙananan 'ya'yan roba, domin komai baki yake kaiwa.

Gidan da babu ɗigo ya cancanci a tsaya a kansa. Sifiri ya wahalar da manyan masana na tsawon ƙarnoni kafin ya samu gurbi a lissafi, kuma kalmar kanta daga Larabci Hausa ta aro ta. Yaro ba ya ƙirga abin da babu, don haka sifiri ba ya zuwa masa ta hanyar gyaɗa ko tsakuwa. A domino kuwa "babu" na da gida, ana neman ta, ana haɗa ta da 'yar'uwarta, har a ci wasa da ita. Bahaushe ma ya san aikin "babu" a ƙirga, tunda ashirin babu biyu yake cewa in yana nufin 18.

Wajen shekara biyar zuwa shida sai a juya tambayar. Maimakon "wa ya yi kama da wa", a ce, "Duka nawa ne a jikin wannan?" Kowane ɗan domino tarawa ce a shirye: uku a nan, biyu a nan, biyar ke nan. Da farko yaro zai ƙirga duka daga ɗaya. Wata rana za a ji ya ce "uku", ya ɗora, "huɗu, biyar". Wannan ɗorawar babban ci gaba ce, ko da yake a kunnen wanda bai sani ba ba komai ba ce. Daga nan a ce ya nemo duk waɗanda jimillarsu shida ce. Zai samo huɗu: babu da shida, ɗaya da biyar, biyu da huɗu, uku da uku. Na bakwai uku ne. In ya juya mai biyu da huɗu ya ga ya zama huɗu da biyu kuma jimilla ba ta motsa ba, ya gano wata doka da littafin sakandare zai ba dogon suna. In kaka ta rufe gida ɗaya da babban yatsa ta ce, "Duka bakwai ne, ga biyar, nawa na ɓoye?" an shiga ɗebewa ke nan, irin wadda ake ba da canji da ita.

Maganar canji ba ta zo a banza ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike kan rayuwar yara a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da yaran da ke kai talla da zuwa aike, suna karɓar kuɗi suna dawo da lissafi. A Recife ta ƙasar Brazil kuma, wani bincike da aka wallafa a 1985 ya samu yara masu saye da sayarwa a titi suna warware lissafi da ka a bakin sana'a, amma in an rubuta musu irinsa a takarda sai su faɗi. Duk wanda ya san yarinyar da ke tallan ƙosai, wadda ba ta taɓa kuskuren canji ba, amma tana dawowa da sifiri a jarrabawa, ya san labarin. Lissafin na nan a kanta, hanyar da ta haɗa shi da na allo ce ta yanke. Ɗigo na tsakiyar hanyar: ya fi gyaɗa kama da rubutu, ya fi rubutu kama da gyaɗa. Shi ya sa malami mai dabara kan ce wa yaro ya ɗauki ɗan domino ya rubuta abin da ya gani da lambobi, 4 da 2, a ƙasa 6.

Shin akwai hujja cewa wasa irin wannan na aiki, ko kuwa zaƙin baki ne? Binciken da aka fi ambato shi ne na Geetha Ramani da Robert Siegler na Jami'ar Carnegie Mellon, wanda ya fito a 2008. Sun ɗauki yaran gidajen talakawa 'yan share fagen firamare, suka raba su biyu. Wasu suka yi wasan allo mai gidaje goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10. Sauran suka yi irin wasan sak, amma gidajen launi ne kawai. Zama huɗu aka yi cikin mako biyu, duka-duka kimanin awa guda. Masu allon lamba suka fi iya ƙirga, gane lambobi, da faɗin wadda ta fi wata, kuma da aka sake gwada su bayan mako tara abin bai gushe ba. Masu launi ba su motsa ba. Shekara guda kafin nan, Greg Duncan da abokan aikinsa sun haɗa manyan bincike shida da suka bi yara tsawon shekaru, suka samu cewa lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi komai nuna yadda karatunsa zai kasance gaba.

Adalci shi ne a faɗi cewa allon Ramani da Siegler ba domino ba ne, kuma kowane wasa da abin da yake koyarwa. Nasu na koyar da jeri, wace lamba ke gaba da wace, da nisan da ke tsakaninsu. Wasan maciji da tsani ya fi kusa da shi. Domino ƙarfinsa a gane yawa ne da rarraba lamba, ba ya koya wa yaro siffar 7 a rubuce sai an haɗa masa. Abin da binciken ya tabbatar, wanda ya shafi duka, shi ne ba kowane wasa ke koyar da lissafi ba, sai wanda lamba ke cikinsa kuma ana furta ta.

Furtawar ita ce rabon babba. A Jami'ar Chicago, Susan Levine da abokan aikinta sun bi iyalai 44 har gida suna naɗar hirarsu, suka wallafa a 2010 cewa yawan kalmomin lamba da yaro ke ji daga iyayensa kafin ya cika shekara biyu da rabi na da alaƙa da yadda zai fahimci yawa yana dab da shekara huɗu. Kwalin domino da aka jefa wa yara aka shige ɗaki zai zama abin jifa kafin magariba. Sai an zauna, ana cewa "naki ya fi nawa da ɗaya", "saura biyu a hannunki". Kuma da Hausa, harshen da yarinyar ke neman tuwo da shi. "Faif" waƙa ce a kunnenta, biyar kuwa yatsun hannunta ne. Turancin zai zo ya hau kan abin da ya riga ya zauna.

Wa zai zauna ɗin? A gidajen cikin birni amsar ba lalle ta zama uwa ko uba ba. Kunyar ɗan fari, wadda Baba ta Karo ta ba da labarinta dalla-dalla ga mai bincike Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ragu amma ba ta mutu ba, kuma uban da zai baje a tabarma yana dariya da ɗansa har yanzu ba shi da yawa. Amma al'adar da ta hana nan ta buɗe can. Tsakanin kaka da jika wasa ne halal: ta kira namijin maigida, ta kira macen kishiya, a yi ta tsokana. Babu abokin domino da ya kai ta, ga lokaci, ga haƙuri, ga iya faɗuwa da gangan tana salati. Bayanta sai goggo, sai yaya 'yar aji biyar wadda ita ma za ta ƙaru in tana koyarwa. Alhamis da Juma'a, da makarantun allo ke hutu, sun isa.

Akwai kuma abin da ba lissafi ba. Jiran layi wuya gare shi ga ɗan shekara huɗu, haka ganin wani ya ci. Zai yi kuka, zai watsa 'ya'yan, zai ɓoye ɗaya a ƙarƙashin cinya. A bar shi ya ci wani lokaci, a ci shi wani lokaci. Zagaye ɗaya minti kaɗan ne, don haka ramuwa ba ta da nisa, kuma wannan ne ke sa faɗuwar ta yi sauƙin haɗiya.

Sai babbar tambaya, wadda a birnin malamai irin Zazzau ba a tsallake ta. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Limancin Kona da Unguwar Juma, ta hana wasan nardu da shaɗaranji a babukanta na ƙarshe, kuma akwai hadisi ingantacce mai tsanani kan nardu, wasan da ake jefa 'ya'yan caca masu ɗigo. Domino kuwa ɗan'uwan waɗannan 'ya'ya ne ta asali: in an jefa guda biyu, fuskoki 21 ne ke iya fitowa, su ne 'ya'yan domino 21, Turawa suka ƙara bakwai masu gidan babu. Saboda haka malamai sun saɓa. Wasu sun haɗa shi da nardu sun hana, wasu sun halatta muddin babu kuɗi a ciki, bai shagaltar daga salla ba, bai jawo zagi da gaba ba. Babu wanda ya halatta caca, kuma uban da ya ga abin da teburan karta da shagunan cacar ƙwallo suka yi wa samarin unguwa yana da dalilin ɗaga gira. Magidancin da zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ake ciki," ya bi abin da aka faɗa masa. Abin lura kawai shi ne mafi yawan amfanin da aka zayyana a sama bai dogara da gasa ko sa'a ba. Katin ɗigo da aka baje a buɗe, ana haɗa kama da kama ana tarawa, kayan koyarwa ne kamar tsinken tsintsiya da murfin kwalba da malaman firamare ke sa yara su kawo.

Samunsa ma ba sai an je kanti ba. Kwalin taliya ko na sabulu, almakashi da alƙalamin maka sun wadatar, ko a roƙi kafinta guntayen falanki ya goge bakinsu. Na gida ya fi na kanti ta wata fuska, domin ana iya yin sa manya yadda ba zai shiga baki ba, kuma yin sa kansa darasi ne ga yayye. A fara da babu: babu da babu, babu da ɗaya, har babu da shida, guda bakwai ke nan. A koma ɗaya: ɗaya da ɗaya har ɗaya da shida, guda shida, tunda ɗaya da babu an riga an yi. Haka za a yi ta sauka, biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya, jimilla 28. In an ƙirga ɗigon duka za a samu 168, in ba haka ba akwai inda aka yi kuskure. Sharaɗi ɗaya ne: a kiyaye tsarin ɗigon, kada biyar ta fito yau haka gobe haka. A garin da masu ɗinkin hannu ke fitar da aska takwas a babbar riga ba tare da ta karkace ba, wannan ba zai gagara ba.

A makaranta lamarin ya fi wuya, ajin gwamnati da yara suka cika maƙil ba wurin zagaye tabarma ba ne. Duk da haka an gwada makamancinsa a kusa. Shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano ya ɗauko salon ƙungiyar Pratham ta Indiya: a raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a zaunar da su rukuni-rukuni, a koyar cikin Hausa, da tsinke da damin tsinke. Katin ɗigo zai shiga irin wannan aji ba tare da an sauya komai ba. Zariya kuwa matattara ce ta masu horar da malamai a Arewa, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Gyallesu wadda aka ɗaga zuwa jami'a. Ɗaliban da ke fita koyon aikin koyarwa a firamaren cikin birni kullum ana neman su zo da kayan koyarwa na hannu, kuma da yawansu a kwalin da aka zana aka manna a bango suke tsayawa, abin da yaro zai kalla amma ba zai taɓa ba.

Ga yaran da suka kai shekara tara ko goma, waɗanda suka fara raina wasan ƙanne, domino na da wani abin mamaki a ajiye. Lissafin nishaɗi ba baƙo ba ne a ƙasar nan: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin da kowane layinsa ke ba da jimilla ɗaya. Na domino ya fi wannan sauƙi. In aka jera duka 28 a layi ɗaya bisa doka, bakin farko da na ƙarshe dole su zo iri ɗaya, ko ta yaya aka jera. Dalili shi ne kowace lamba sau takwas ta fito a cikin saitin. A cikin layi bibbiyu suke tafiya, kowace na manne da 'yar'uwarta, don haka in ɗaya ta rage a wannan baki, abokiyarta ba ta da wurin zuwa sai wancan. Irin tunanin ne masanin lissafi Leonhard Euler ya yi amfani da shi a 1736 wajen warware matsalar gadoji bakwai na garin Königsberg.

Daga nan dabarar ke fita. Kaka ta faki ido ta zare ɗa guda wanda gidajensa biyu ba iri ɗaya ba ne, a ce mai biyu da biyar, ta ƙulle a bakin zane. Yanzu biyu ta rage sau bakwai, biyar ma sau bakwai, kowace da guda marar abokiya. Ta ce wa jikokin su jera sauran duka a layi ɗaya yadda suka ga dama, ita za ta shiga ɗaki, kuma daga can za ta faɗa musu abin da ke bakin layin. Za su yi ta warwarewa suna sakewa kafin 27 ɗin su shiga. Idan sun gama suka kira ta, sai ta amsa daga bayan labule, "Biyu da biyar." A zagaye na gaba ta mayar da shi a ɓoye ta zare wani.